Yaƙar Sauro da Maƙiyansa na Halitta: Abin da Zai Yiwu a Kaduna

A ƙarshen shekarar 1955, kafin a cika shekara biyu da fara fesa wani maganin ƙwari mai suna dieldrin a ɗakunan kwana na ƙauyukan yammacin lardin Sakkwato, wajajen Birnin Kebbi, masu bincike suka tarar cewa sauron da ke yaɗa maleriya yana sauka a bangon da aka fesa, ya huta, ya tashi lafiya lau. Daga 1969 zuwa 1976 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da babban aikin nan na Garki, wadda a lokacin take cikin jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa, inda aka haɗa feshin ɗakuna da raba wa jama'a magani. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba a katse yaɗuwarta ba, kuma da aka janye hannu sai ta koma gidan jiya. Duka biyun a ƙasarmu suka faru. Yau maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi, dangin pyrethroid, ya rage kaifi a sassa da yawa na Najeriya, alhali gidan sauro ne makamin da ya fi kowanne aiki, domin a cikin kamuwa miliyan 663 da aka ƙiyasta an kauce wa a Afirka tsakanin 2000 da 2015, kusan kashi 68 cikin ɗari albarkacinsa ne. A shekarar 2023 mutum kusan 597,000 maleriya ta kashe a duniya, kuma kusan uku cikin kowane goma 'yan Najeriya ne, galibinsu ƙananan yara.

Wannan ne ya sa hankalin masana ya sake komawa kan wata tsohuwar tambaya. Tunda sauro halitta ne da ke da masu cinsa, da masu shiga jikinsa su rayu a kansa, da cututtukan da ke kama shi su kashe, me zai hana a sa waɗannan su yi mana aikin da guba take gazawa? Tambayar tana da kyau, kuma an fi shekara ɗari ana gwada amsoshinta. Abin da na fahimta daga tarihin gwaje-gwajen shi ne, kusan duk maƙiyin sauro da aka kawo yana kashe sauro a cikin kwano a ɗakin bincike, amma ƙalilan ne suke iya riskarsa a inda yake zaune da gaske. A kan wannan ma'auni ya kamata mai karatu ya ɗora duk labarin da zai ji na sabuwar dabara, kuma a kansa zan ɗora su a nan.

Kafin nan dole a san wane sauro ake magana a kai, domin wanda ya fi damunmu da dare a Tudun Wada ko Unguwar Sanusi, mai kuka a kunne, wanda ake kunna wa igiyar leko ko a yayyafa masa fiya-fiya, yawanci Culex ne, kuma ba ya ɗaukar maleriya. Shi ruwan ƙazanta yake so: lambatun da ya toshe, sokawe, masai mai ruwa. Akwai Aedes, baƙi mai ɗigon fari a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ke ƙyanƙyasa a tsohuwar taya da gwangwani da randar da ba a rufe ba, shi ne mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengi. Sai Anopheles, mai maleriya, wanda macensa ke shigowa a tsakar dare ba tare da hayaniya ba. Duk wanda ya ɗauki farin ludayi ya je wajen masu buga bulo a Rigasa ko Mando a cikin watan Agusta zai iya ganin bambancin da idonsa. Idan ya kamfaci ruwan saman da ya kwanta a sawun tayar tifa, mai ɗumi, wanda rana ke duka, zai ga 'yan tsutsotsi a kwance a miƙe, manne da fuskar ruwan, suna zillo baya-baya idan inuwarsa ta faɗa musu. Waɗannan na Anopheles ne. Idan ya matsa gaba kaɗan ya kamfaci baƙin ruwan kwata, zai ga tsutsotsi cunkus suna reto, kai a ƙasa, wutsiya a sama tana shaƙar iska. Waɗannan na Culex ne. Taku goma ke tsakanin ruwan biyu, amma maƙiyin da zai rayu a ɗaya ba lallai ne ya rayu a ɗayan ba.

A dawa sauro ba ya cin karensa babu babbaka. Binciken da aka yi a gonakin shinkafa da tafkunan ƙasar Kenya a shekarun 1970 ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na 'ya'yan sauron maleriya suna mutuwa kafin su yi fiffike, kuma kaso mai tsoka daga ciki cinye su ake yi. 'Ya'yan mazari da ke zaune a ƙarƙashin ruwa suna farautarsu, haka ƙwarin ruwa masu iyo da baya, da ƙananan kifaye, da gizo-gizon bakin tafki da ke jiran wanda ya fito daga kwasfa. Har akwai wani babban sauro mai suna Toxorhynchites, ɗan asalin Afirka da wasu ƙasashe masu zafi, wanda ba ya cizon mutum ko kaɗan, ruwan fure yake sha, amma tsutsarsa tsutsar sauro take ci. Jemage da tsaka ma suna kama nasu, ko da yake sauro ɗan ƙaramin kaso ne na abincin jemage, saboda haka kada a sa rai da yawa a can.

To, me ya sa duk da wannan ɓarna sauro bai ƙare ba? Mace ɗaya tana zuba ƙwai ɗari ko fiye a lokaci guda, kuma tana maimaitawa bayan kowane 'yan kwanaki. Sannan sauron maleriya na ƙasarmu, wato Anopheles gambiae da 'yan uwansa, ya ƙware wajen zaɓen ruwan da ba ya daɗewa. A lokacin zafi kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi daga ƙwai zuwa tashi, alhali ɗan mazari yana buƙatar makonni ko watanni a ruwa, kifi kuwa ba shi da hanyar zuwa sawun kofaton saniya. Kafin maƙiyi ya iso, sauro ya tashi, ruwan ma ya ƙafe. Wannan ɗabi'a ita ce tushen yawancin gazawar da aka samu.

Kifi ne aka fara gwadawa da gaske. Tun farkon ƙarni na ashirin aka riƙa ɗaukar wani ɗan ƙaramin kifi mai suna Gambusia daga kudancin ƙasar Amurka ana zubawa a ruwayen duniya. Yana cin tsutsar sauro, amma yana cin ƙwan sauran kifaye da 'ya'yan kwaɗi da ƙwarin da su ma suke cin sauro, har ta kai yanzu yana cikin jerin baƙin halittu ɗari mafiya ɓarna a duniya. Kifinmu na gida ya fi dacewa. A yammacin Kenya an zuba karfasa a tafkunan kiwon kifi da aka yi watsi da su, tsutsar Anopheles ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari, ga kuma nama a ƙarshe. Sai dai da masana suka tattara duk gwaje-gwajen kifi suka tace a 2017, ba su samu ko ɗaya da ya auna ko maleriya ta ragu a jikin mutane ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa kifi cikin dabarun da take ba da shawara a kansu ba. A ganina amfaninsa a Kaduna yana nan, amma a iyakance: kududdufan da aka haƙi ƙasar gini aka bari, tafkunan kiwon tarwaɗa da aka daina kiwo a cikinsu a bayan gidaje, da manyan kwatamen ajiye ruwa.

Akwai wata dabara da ta yi abin mamaki a wata ƙasa amma ba zan so a kawo ta nan ba. A arewacin Biyetnam, daga shekarun 1990, an riƙa zuba wasu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa masu suna Mesocyclops a tankuna da randunan ƙauyuka, suna cinye sabbin ƙyanƙyasar Aedes, har aka wayi gari ƙauyuka da dama babu wannan sauro gaba ɗaya. Matsalar ita ce dangin waɗannan halittu ne ke ɗauke da ƙwayar kurkunu, ta cikinsu take shiga cikin mutum idan ya sha ruwa. Najeriya ta ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980, ta sha wahalar shekara ashirin kafin a ga na ƙarshe a 2008, aka ba ta takardar shaidar rabuwa da cutar a 2013, kuma har yanzu cutar ba ta ƙare a maƙwabciyarmu Chadi ba. Zuba irin waɗannan halittu da gangan a ruwan sha a wannan yanki zai zama garin neman gira a rasa ido.

Tsutsar ciki ta sauro ma an gwada ta. Wata siririyar tsutsa mai suna Romanomermis tana huda jikin ɗan sauro ta shige, ta girma a ciki tana shan abincinsa, sannan ta fasa shi ta fito, ya mutu nan take. A ƙasar Salbado da ke Amurka ta Tsakiya a 1977 ta rage sauron maleriya ƙwarai a bakin wani tafki, kuma masu bincike a Jamhuriyar Benin sun gwada wani jinsinta a kan Anopheles gambiae da sakamako mai kyau. Amma ba ta haihuwa sai a jikin sauro mai rai, wato sai an yi kiwon miliyoyin sauro kafin a same ta da yawa, ba ta jure ruwan ƙazanta, kuma jigilarta da rai aiki ne. Ta tsaya a hannun masu bincike.

Wadda ta fita daga ɗakin bincike ta shiga kasuwa ita ce bakteriya. A 1976 wasu masana biyu, Goldberg da Margalit, suka tarar da matattun tsutsotsin sauro a wani kududdufi da ke ƙafewa a hamadar Negeb ta Isra'ila, suka ciro wata bakteriya daga jikinsu wadda yanzu ake kira Bti a taƙaice. Yadda take kisa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan amincinta yake. Idan za ta shiga halin barci, wannan bakteriya tana ƙera wasu 'yan ƙanƙanan duwatsun furotin a jikinta. Tsutsar sauro tana tace ruwa da bakinta tana haɗiye duk abin da ta samu, har da waɗannan duwatsu. Ruwan cikinta mai kanwa-kanwa ne, shi yake narkar da su, sinadaran narkar da abincinta su kuma su farkar da dafin, ya manne a bangon hanjinta ya huda shi. Cikin sa'o'i kaɗan ta daina ci, kafin kwana ɗaya ta mutu. Cikin mutum da na saniya da na kifi ba su da wannan yanayi, ba su kuma da gurbin da dafin zai manne, shi ya sa aka amince da wasu nau'o'in Bti ko a ruwan sha idan an bi ƙa'idar awo. Kuma da yake dafi huɗu ne ko fiye suke aiki tare, sauro ya kasa saba mata yadda ya saba wa dieldrin. A kwarin kogin Rayin na Jamus ana zuba ta tun farkon shekarun 1980 ba tare da an ga turjiyar a-zo-a-gani ba.

Tana da 'yar uwa da ya kamata mu sani, domin daga wajenmu ta fito. Ana kiranta Bacillus sphaericus, kuma nau'inta da ya fi shahara, mai lamba 2362, wanda aka gina maganin kasuwa a kansa, wani masani ɗan ƙasar Cek mai suna Jaroslav Weiser ne ya ba da rahotonsa a 1984, bayan ya ciro shi daga jikin baƙin ƙudan rafi, mai yaɗa cutar makantar rafi, da aka kamo a arewacin Najeriya. Ita ta fi Bti jure ruwan ƙazanta, tana iya sake haihuwa a gawar tsutsar da ta kashe, don haka takan yi makonni tana aiki a lambatu da sokawe. Rauninta shi ne ƙarfinta a kan dafi guda ya dogara, kuma a Indiya da Sin da Faransa an ga Culex ya saba mata, shi ya sa ake haɗa ta da Bti ko a riƙa musanya su. Abin yana ci mini rai cewa halittar da aka samo a ƙasarmu shekara arba'in da suka wuce har yau sai dai mu sayo ta da kuɗin waje, alhali Tanzaniya ta buɗe masana'antar sarrafa irin waɗannan bakteriya a garin Kibaha tun 2015 da taimakon Kuba.

Babbar shaidar Bti a Afirka ta Yamma ba a kan sauro aka samu ba. Shirin yaƙi da makantar rafi da ya gudana daga 1974 zuwa 2002 a ƙasashe 11, ban da Najeriya, ya riƙa fesa magani ta jirgin sama a koguna kowane mako, kuma da ƙudan ya fara saba wa maganin temephos, Bti na cikin abin da ya ceci shirin. Dalilin nasarar a fili yake: baƙin ƙudan rafi ba ya ƙyanƙyasa sai a inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu, wuraren da ake iya sa wa alama a taswira. A kan sauro kuwa misalin da ya fi kama da halinmu shi ne na birnin Darussalam na Tanzaniya, inda daga 2004 aka ɗauki mutanen unguwa aiki, kowa da yankinsa, suna zagayawa da ƙafa kowane mako suna neman ruwan da ya kwanta, daga 2006 kuma suna zuba Bti. Kamuwa da maleriya ta ragu da kimanin kashi ɗaya cikin biyar a unguwannin da aka yi aikin. Wannan ba kawar da cuta ba ne, amma a garin da ya kai girman Kaduna kashi ɗaya cikin biyar yara ne masu yawan gaske.

Sharaɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya shi ne a yi wannan aiki a matsayin ƙari a kan gidan sauro, kuma a inda wuraren ƙyanƙyasa ƙalilan ne, ba sa sauya wuri, ana kuma iya gano su. Duk wanda ya san Kaduna a watan Agusta ya san ba ta cika wannan sharaɗi ba, domin kowane rami a kan hanya da kowane fili da ba a gine ba ya zama tafki, kuma ruwan sama na gobe zai wanke abin da aka zuba yau. Bti ma kanta ba ta wuce kwanaki a ruwan da rana ke duka, ba ta kuma taɓa tsutsar da ta riga ta dunƙule ta daina ci tana shirin tashi. Amma Kaduna ta watan Fabrairu wani gari ne daban. A lokacin kogi ya janye ya bar 'yan tafkuna a tsakanin duwatsu da yashi, sauran ruwan da ke kwance kuwa sananne ne: ramukan ban-ruwa na masu lambu a bakin kogi, kwatamen masu bulo, wuraren wankin mota, bututun famfo da ya fashe, da kududdufan bayan gari. Daga waɗannan ne irin sauron da zai cika gari da damina yake fitowa. Saboda haka ni a wurina lokacin da ya fi dacewa a dage da wannan aiki shi ne daga hunturu zuwa farkon saukar ruwa, daidai lokacin da babu mai kukan sauro kuma babu jami'in da ke jin matsin lamba ya yi wani abu. Ko a nan a yi hattara da fadamu masu tsuntsaye, domin a yankin Kamarg na Faransa an ga cewa yawan zuba Bti ya rage wasu ƙananan ƙwari da tsuntsaye ke ci.

Akwai kuma batun Culex, wanda yake da fuska biyu. Idan aka kashe tsutsar Anopheles kaɗai, jama'a za su ci gaba da shan cizo, su ce aikin banza ne, su hana ma'aikaci shiga gida. Idan aka haɗa da lambatu da sokawe, cizo zai ragu, mutane su yarda da aikin, amma sai wasu su naɗe gidan sauro su ajiye tunda babu mai damunsu, alhali mai kisan yana nan yana shigowa shiru. Dole a yi biyun tare, a kuma riƙa faɗa wa iyaye mata gaskiyar bambancin.

Duk abin da na ambata zuwa yanzu a ruwa yake aiki. Sabon tunani ya koma kan babban sauro, kuma ya dogara ne a kan wani lissafi mai sauƙi. Idan macen sauro ta sha jinin mai maleriya, ƙwayar cutar tana buƙatar kwana 10 zuwa 14 a jikinta kafin ta isa yawunta, kuma yawancin sauro ba sa kai wannan tsufa. Tsofaffin ƙalilan ne ke kashe mutane. Wasu nau'o'in funfuna, irin su Metarhizium da Beauveria, suna cin moriyar wannan. Ƙurar irinsu tana manne wa ƙafar sauro idan ya sauka, ta tsiro, ta huda fatarsa, ta bazu a cikinsa, ya rage cizo, ya mutu cikin kwanaki. Tunda yakan samu ya yi ƙwai kafin ya mutu, matsin da ke sa jinsi ya saba wa magani yana da sauƙi, kuma funfunar ba ruwanta da ko sauron ya saba wa pyrethroid. An gwada rataya baƙin ƙyalle mai ƙurar a ɗakunan wani ƙauye a Tanzaniya, aka wallafa sakamakon a 2005. A Burkina Faso kuma, a ƙauyen Sumuso kusa da Bobo Julaso, masana da suka haɗa da Abdoulaye Diabaté sun gwada wata funfuna da aka dasa wa ƙwayar gadon dafin wani gizo-gizon Ostareliya, a cikin wani babban fili da aka rufe da raga, sauro ya ragu da fiye da kashi 99 cikin ɗari a kwana 45. Cikas ɗin shi ne ƙurar ba ta son rana da zafi da bushewar iska, abubuwan da muke da su a wadace. Amma an taɓa shawo kan irin wannan a yankin Sahel, lokacin da aka haɗa maganin fara na Green Muscle daga wata funfuna da aka samo a Nijar, aka cakuɗa ta da mai don ta jure.

Wanda ya fi kowanne amsa tambayar riskar sauro shi ne maƙiyin da ke tafiya a cikin jikinsa, uwa ta ba 'ya'yanta. Wolbachia bakteriya ce da aka fara gani a jikin Culex a 1924, kuma tana cikin kusan rabin jinsunan ƙwari, amma babu ita a Aedes aegypti, babban mai yaɗa dengi. Da masana a Ostareliya suka dasa masa ita, sai ƙwayar dengi ta kasa yaɗuwa a jikinsa. Tana kuma da wata dabarar mamaye jinsi: idan namiji mai ita ya sadu da mace marar ita, ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa, mace mai ita kuwa da kowane namiji tana haihuwa, kuma duk 'ya'yanta da ita suke fitowa. An fara sakin irin wannan sauro a yankin Kens na Ostareliya a 2011, kuma gwajin birnin Yogyakarta na Indunusiya da aka wallafa a 2021 ya nuna dengi ta ragu da kashi 77 cikin ɗari, kwanciya asibiti da kashi 86. Sai dai wannan nasarar Aedes ce. A Anopheles dasa Wolbachia ya yi wuya, kuma wadda aka gano a jikin sauron Burkina Faso a 2014 kaɗan ce ƙwarai, har masana suna jayayya a kan ko zaune take a jikinsa da gaske.

Abin da ya fi ba ni fata a ɓangaren maleriya shi ne Microsporidia MB, wata ƙanƙanuwar halitta da Jeremy Herren da abokan aikinsa na cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi suka bayyana a 2020. Sun same ta a jikin Anopheles arabiensis, jinsin da muke da shi a arewacin Najeriya, ba ta cutar da sauron, tana bin ƙwai zuwa 'ya'ya, tana kuma bin saduwa, kuma sauron da ke ɗauke da ita ƙwayar maleriya ba ta kama shi ba a gwajin. A dawa kaso kaɗan na sauro ne ke da ita, aikin da ya rage shi ne gano yadda za a yawaita ta. A 2023 ma an bayyana wata bakteriya mai suna Delftia, wadda aka gano bayan sauron wani ɗakin bincike a Sifaniya ya daina kamuwa da maleriya ba zato, kuma ana gwada ta a Burkina Faso. Babu ɗaya daga cikin biyun da ta kai matsayin a raba wa jihohi. Amma binciken ko sauron Kaduna da Zariya yana ɗauke da irinsu aiki ne da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna da cibiyar binciken ƙudan tsando da ke cikin garin nan suke da mutanen da za su iya.

Duk dabarar da za ta buƙaci a saki sauro a unguwa za ta ci karo da tarihinmu. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, kuma raɗaɗinsa na cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan-inna a 2003. A watan Agusta na 2025 gwamnatin Burkina Faso ta dakatar da aikin Target Malaria na sauron da aka sauya wa ƙwayoyin gado, bayan shekaru ana yi. Sauron da aka sauya wa gado daban, mai ɗauke da Wolbachia daban, amma a idon mai gida duk sauro ne aka kawo masa ƙofa. Idan ba a fara da masu unguwanni da limamai da fastoci da ƙungiyoyin mata tun kafin a buɗe akwati ba, kuma aka ɓoye musu abin da ba a tabbatar ba, aikin zai mutu ko da iliminsa daidai ne.

Wani sabon baƙo kuma ya ƙara wa maganar gaggawa. Anopheles stephensi sauron maleriya ne na biranen Indiya da yankin Gulf, an gan shi a Jibuti a 2012, shekarar da ƙasar ta ƙirga masu maleriya 27 kacal, zuwa 2020 suka haura 70,000. A shekarar 2020 ɗin aka same shi a jihar Gwambe. Shi ba ya jiran damina, domin a tankin ruwa da duro da rijiya da kwatamin wurin gini yake ƙyanƙyasa, kuma a garin da kusan kowane gida ke ajiye ruwa saboda famfo ba ya zuwa kullum, wurin zama ba zai yi masa wuya ba. Amma irin wannan ruwa shi ne daidai wanda ba ya sauya wuri kuma ake iya ganowa, wanda murfi mai kyau da Bti da ɗan kifi suke iya tsarewa, kamar yadda aka yi a tankunan ƙasa na arewacin Somaliya da karfasar gida. Wanda zai yi aikin shi ne duba-gari, kuma makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi ta daɗe tana yaye su. Abin da za a buƙata shi ne a raba kowace gunduma ƙanana-ƙanana, a ba kowane ma'aikaci yankin da zai iya zagayewa da ƙafa a mako guda, a sa wani daban ya riƙa bin bayansa da ludayi yana duba ko tsutsa ta ragu, a kuma biya albashi a kan kari har cikin rani. Sannan a fara da gundumomi kaɗan, a riƙa kwatanta adadin yaran da gwajin jini ya nuna suna da maleriya a asibitocinsu da na gundumomin da ba a fara ba, shekara biyu ko uku a jere, kafin a faɗaɗa zuwa sauran gari.